Kada Ki Yi Kunyar Tarin Sadik

Hanyar Naraguta, Jos.
Lahadi, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba.

'Yar Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ki, ke da maigidanki da angona Sadik. Allah ya tsare ku a hanyar da za ku kama ranar Laraba, ya sauke ku Gembu lafiya, ya haɗa ku da maƙwabtan kirki.

Kina ɗakin baya kina ninke kaya, ina jin motsinki daga nan. Da zan iya, da na kira ki mun zauna. Amma kin san yadda muke ni da ke. Ke ce 'yar fari, ban taɓa kiran sunanki ba, ban kuma saba kallon idonki in yi doguwar magana ba. Shi ya sa na ɗauko takarda.

Abu biyu ne suka hana ni sukuni tun jiya. Na farko, da surukarki ta zo sallama, Sadik ya yi tarin nan mai tafiya da numfashi har idonsa ya kawo ruwa. Ina kallonki. Hannunki ya motsa zai kai gare shi, sai kika janye, kika juya kina gyara labule. Na biyu, da yamma kin aiko ƙanwarki ta roƙar miki babban kaskona na turare, wai an ce Gembu ta fi Jos sanyi, za ki riƙa ɗumama ɗaki da shi. Yaron nan shekararsa ɗaya da wata takwas, kuma tun farkon daminar bana sau uku ke nan mura tana sauka masa a ƙirji. Ina tsoron kada ki kai shi wani gari mai nisa ki maimaita abin da na yi miki.

Takardar shaidar kammala karatuna ta aikin lafiyar al'umma ba ta cika wata guda a hannuna ba, don haka ba zan yi miki rigar likita ba. Abin da na tabbatar zan ce na tabbatar. Abin da ban sani ba zan faɗa miki ban sani ba. Labarinki kuwa ba a makaranta na koye shi ba.

Ba za ki tuna ɗakinmu na Kabong ba. Ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda, a gidan haya, bangonsa na baya yana tsatsafo da damina har fumfuna ta yi masa baƙi. Mu huɗu muke kwana: ni, ke, babanku, da Inna mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta. Tun ranar suna Inna ta karɓe ki. Ita ke goyo, ita ke wanka, ita ke cewa ga abin da za a ba ki. Nawa shayarwa ne kawai, shi ma sai na juya baya. Haka aka tarar, haka ake yabon mace.

Kina shekara ɗaya da 'yan watanni kika fara. Mura ce ta kowa, sai dai ta yaran maƙwabta takan wuce cikin mako guda, taki kuwa sai ta gangara. Hanci ya toshe, zazzaɓi ya biyo, sannan tari, sannan ƙirjinki ya riƙa wani siririn kuka kamar na ɗan kyanwa. Ki warke, ki yi kwana kaɗan kina wasa, ya dawo. Inna ta ce sanyin Jos ne ya shige ki. Babanku ya samo kwali ya buga a taga, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, muka riƙa shigo da garwashi a kasko muna rufe ɗaki. Da safe mukan tashi da ciwon kai, mu ce ai sanyin ne bai bar mu ba.

Kuskurena na farko ke nan, kuma da hannuna na yi shi. Sanyi shi kaɗai ba ya haifar da ciwon huhu, ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi. Abin da sanyi yake yi shi ne ya tara mutane a ɗaki ɗaya a rufe, kowa yana shaƙar numfashin ɗan'uwansa. Hayaƙi kuma yana ƙona hanyar iska ta yaro, ya kashe mata ƙarfin share datti, sai ƙaramar mura ta sami hanyar zuwa huhu. Ciwon kan nan da muke tashi da shi guba ce da garwashi ke fitarwa, ba ta da wari, tana kuma kashe mutane cikin barci. Allah ne kawai ya bar mu. Idan sanyin Gembu ya dame ku, ki ƙara wa yaro riga da safa da hula, ki ƙara bargo. Kada wuta ta kwana a ɗakin da kuke, kuma ki bar wa iska hanya ko da 'yar kaɗan ce.

Da kasuwar Terminus ta ƙone, rumfar yadin babanku ta tafi da ita. Sai na kama sana'ar turaren wuta, wadda na koya a gidanmu. Kuma na iya, ba yabon kai ba. A baranda nake soya itacen da sukari, amma a ɗaki nake gwadawa, don a rufaffen wuri ake gane turaren da ya kama. Duk wadda ta zo saye sai an ɗora mata a garwashi ta ji. Rana ɗaya sai a kunna kala biyar. Kayanki ma ina turara su, ina jin daɗi a ce 'yar gidan mai turare ta fi kowane yaro ƙamshi. A shekarar ce kika daina ƙiba. Siket ɗin da aka ɗinka miki na ƙaramar salla, har wata sallar ta zagayo bai matse ki ba.

Maƙwabciyarmu Mama Nkechi, mai shagon kayan masarufi a bakin gida, ita ce ta fara yi mini tsiya. Kin san Hausarta. Ta leƙo ɗakin ta yi baya tana fifita fuska da hannu.

“Amarya! Kai kana gasa kifi ne a nan ko kana renon yaro? Ni babba ban iya numfashi ba, wannan ƙaramin fa?”

Na yi dariya na ce, “Mama Nkechi, ku da ba ku san ƙamshi ba sai na daddawarku, ogiri.”

“Ogiri ba ya sa tari,” in ji ta. “Ka kai shi asibiti. Asibiti na ce, ba kemis ba.”

Ban kai ki ba. Kemis ɗin na ci gaba da zuwa, kuskure na biyu ke nan. A ba ni ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta, in ba ki kwana biyu, in ga kin tashi, in ajiye sauran sai wani karon. Yanzu na san yawancin mura irin wannan magani ba ya yi mata komai, inda kuma ake bukatarsa, rabin magani yana koya wa cutar taurin kai ne. Abin da ya fi muni, mai kemis tarin yau kawai yake gani. Ba wanda ya taɓa tambayar me ya sa yake dawowa. Ki riƙe wannan: tarin da ke komowa yana da abin da ke kiransa, kuma shi ake nema.

Na uku shi ne wanzami. Inna ta ce belu ne ya yi miki tsawo yana taɓa maƙogwaro. Aka kira shi da hantsi, aka aike ni ɗebo ruwa don kada in tsaya. Ina bakin famfo ina jin ihunki, na bar bokiti ya cika yana zuba. Kwana biyu ba ki haɗiyi komai ba sai da kuka. Tarin kuma bai fasa ba, domin belu ba ya sa ciwon ƙirji. Cire shi zubar jini ne da buɗe wa cuta ƙofa. Duk wanda ya ce a cire wa Sadik, ko wane ne shi, ki ce a'a, ki ce ni na hana. Na yarda a zage ni.

Duk waɗannan kurakuran uwa ɗaya ce ta haife su, ita ce kunya. Kada ki ɗauka ban lura ba. Na fi kowa lura. Na san tarin ya fi tashi gab da asuba. Na san yana tsananta ranar da na yi ciniki da yawa. Na ga makon da muka je biki Bauchi ko sau ɗaya ba ki yi ba, muna dawowa ya dawo. Duk na tara a cikina ban faɗa ba, don kada a ce yarinya ba ta da ta ido, tana rawar kai a kan 'yar fari.

Kina shekara uku, cikin tsakiyar damina, wata safiya kika ƙi kunu, kika ƙi ruwa. Da Inna ta cire miki riga, na ga fatar ƙasan haƙarƙarinki tana lotsawa ciki duk sanda kika ja numfashi, ƙofofin hancinki suna buɗewa. Leɓenki ya dushe. Mama Nkechi ba ta tambayi kowa ba, ta rufe shago ta tsayar da tasi. Aka kwantar da ke, aka sa miki robar iska a hanci. Nimoniya ce, ciwon huhu.

Washegari wata likita ta zo zagaye, matashiya, ba za ta girme ni sosai ba. Inna na zaune a bakin gado, ni ina can jikin bango da kwanon abinci kamar 'yar rakiya. Likitar ta fara tambaya. Tun yaushe? Inna ta ce tun shekaranjiya. Ta taɓa yin irinsa? Inna ta ce ɗan sanyi ne, yana zuwa yana tafiya. Ba ƙarya take yi ba, haka ta gan shi. Likitar ta ɗauki zanen goyonki ta sunsuna, ta ɗaga kai.

“Wace ce uwar yarinyar?”

Inna ta ce, “Ni ce kakarta, a hannuna take.”

“Sannu, Mama. Wadda ta haife ta nake nema.”

Ɗakin cike yake da mata. Na ji kamar an zare mini zane. Na dubi ƙasa, na dubi ƙirjinki yana hawa yana sauka, sai na ji bakina ya ce, “Ni ce.”

'Yar Inna, ban san ina da magana haka ba. Na faɗi na asuba, na faɗi na ranar ciniki, na faɗi na Bauchi. Na faɗi kwalin taga da garwashi da fumfuna da siket ɗin salla. Na faɗi cewa ni ma ina yarinya nakan yi atishawa har in gaji, kuma ƙanen mahaifina yana da asma. Likitar tana rubutu hannunta har yana sauri. Da na yi shiru ta ce, “To, kin yi mini rabin aikin.” 

Ba su tsaya a nimoniyar ba. Sun ɗauki hoton ƙirji, sun binciki tarin tibi, sun gwada jini don sikila da cutar da ke karya garkuwar jiki, sun saurari zuciyarki ko akwai matsalar da aka haife ki da ita. Duk ba a samu ba. Abin da aka tsayar a ƙarshe, bayan an bi ki na 'yan watanni, shi ne asma, ga hayaƙi da danshi suna hura ta kullum, ga rama ta rage miki ƙarfi. Kowace mura ta zo sai ta tarar da ƙofa a buɗe.

Ranar da aka sallame mu, babanku ya ɓamɓare kwalin nan da hannu, ƙusa har ta yanke shi. Ya kankare bango ya shafa farar ƙasa. Na mayar da turare wata rumfa da ke can bayan gidan, mai son gwaji ta bi ni can. Wasu sun daina zuwa, wai turaren waje ba ya faɗin gaskiya. Su suka sani. Aka ba mu abin shaƙa, aka koya mini yadda ake amfani da shi, aka cike miki allurar rigakafin da muka tsallake. Na dage da ƙwai da wake da ganye.

Inna ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Ran nan wani abokin babanku ya zo ya kunna sigari a baranda, kina zaune kusa. Kafin in buɗe baki sai ga Inna da muciya.

“Kai, Ɗanladi! Fita da wutar nan! Uwar yarinya ta hana hayaƙi a gidan nan, ko ba ka ji ba?”

Uwar yarinya. A bakin Inna. Na shiga ɗaki na toshe baki da gyale, ban san ko dariya nake ko kuka ba. Daga ranar ta zama sojan ƙirjinki. Ko maganin sauro na kunnawa aka shigo da shi sai ta yi waje da shi, ita ta sa aka ɗaura gidan sauro.

Daminar da ta biyo baya kin yi mura sau biyu, kuma duk a hanci ta tsaya. Ba a sake kwantar da ke ba har yau. Kin zama yarinyar da malamai ke kawo ƙararta don gudu a filin makaranta. Ranar da kuka hau dutsen Shere da 'yan ajinku kika dawo kina ba ƙannenki labari, na shiga kicin na yi ta yi wa Allah godiya ni kaɗai. Ke ba ki san abin da hawan nan yake nufi a wurina ba.

Kalmar likitar nan kuma ba ta bar ni ba. Shekara da shekaru ina jin “kin yi mini rabin aikin”, ina cewa to sauran rabin fa? Da autarmu ta shiga sakandare na koma aji, na zauna da sa'o'inki, suna kirana Mama, suna dariyar yadda nake tambayar abu ɗaya sau uku. Kin ga ranar yaye mu. Kin ga babanku da sabuwar hula yana ce wa mutanen da bai sani ba, “Matata ce waccan, likita ce,” ina harararsa ina cewa ba likita ba ce. Kin ga Mama Nkechi ta taso tun daga Kabong da sandarta, ta rungume ni tana cewa, “Mai gasa kifi ya zama nas!” Ita ma na gyara mata, ba ta saurara ba. Mun ci wannan yaƙin, 'Yar Inna. Ga ki da ƙirji lafiyayye, ga ni da takarda. Ba zan yarda a ci mu a kan Sadik ba.

Don haka ga abin da za ki riƙa dubawa. Na sake buɗe littafina ɗazu don kada in faɗa miki ba daidai ba. Ƙaramin yaro yakan yi mura sau da yawa a shekara, wannan kaɗai ba abin tsoro ba ne in dai yana ci, yana wasa, yana girma. Idan yana tari, ki jira ya natsu, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur da agogon waya. A shekarunsa, arba'in ko fiye ya yi sauri, a je asibiti a ranar. Idan ƙasan haƙarƙari na lotsawa, ko yana gurnani, ko ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya tashinsa, ko leɓe ya canza launi, ko ya yi jijjiga, ba a jiran gari ya waye, ba a jiran maigida ya dawo. Tarin da ya wuce mako biyu a bincike shi, musamman in akwai babba mai tari a gidan, ko yaron na ramewa. In yana minshari baki buɗe, ko kunne na zubar da ruwa a kai a kai, ki faɗa. In ya taɓa shaƙewa da gyaɗa ko masara sannan tari ya ƙi ƙarewa, ki faɗa, don ƙwaya kan maƙale a hanyar iska. Kuma kada ki ba shi gyaɗa ɗai-ɗai tukuna.

Kasko ba zan ba ki ba. Na sa miki turare kwalba biyu a koren akwatinki. Ki turara kayanki a waje, su sha iska kafin su shiga ɗaki, nasa kuma a bar su da ƙamshin sabulu.

Surukarki mutuniyar kirki ce, kamar yadda Inna ta kasance. Ki girmama ta, ki yi mata kunya a abinci da zama da magana. Amma numfashin ɗanki ba wurin kunya ba ne.

Saura abin da ban sani ba, kuma yana damuna:

Ban sani ba ko Sadik asma gare shi. Yara da yawa kan yi wannan kukan ƙirjin suna ƙanana su daina, ba a saurin yanke hukunci a shekarunsa.

Ban san rukunin jininsa ta fuskar sikila ba, don ban ga an gwada ba.

Ban sani ba ko ɗakin da maigidanki ya kama yana da taga ta gaske, ko bangon na tsatsafo, ko da itace ake girki a tsakar gidan.

Ban san nisan gidan da asibiti ba, ko akwai iskar robar nan a can.

Ban sani ba har yau ko hayaƙina ne ya jawo miki asma ko da ita kika zo duniya ya tayar da ita. Na tambayi malamai biyu, kowanne ya ce ba mai iya rantsewa.

Uku na tsakiya maigidanki da gwajin jini za su amsa kafin Laraba. Gobe Litinin akwai asibitin yara. Ki shirya shi da wuri, ki ɗauko katin rigakafinsa, zan raka ku. Ni zan riƙe jaka in tsaya jikin bango, takardata kuma tana gida. Idan likita ta ɗaga kai ta tambayi uwar yaro, ba zan buɗe baki ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ku daga sharrin dare da na rana. Allah ya raya Sadik, ya buɗe ƙirjinsa, ya sa wata rana a kawo miki ƙararsa don gudu. Allah ya jiƙan Inna. Allah ya yi miki albarka, Rukayya.

Ni ce,
uwarki.